Sikana Ta Ƙi Aiki: Abin Da Masu Shagunan Kwamfuta Na Zangon Agege Ya Kamata Su Sani Game Da Linux

Duk wanda ya san Zangon Agege ya san cewa goro da shanu su ne suka kafa shi. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta tashi daga Ikko ta isa Ibadan a 1901, ta kuma kai Kano a 1911, Hausawa suka yi ta sauka a wannan gari suna sayen goro suna aikawa Arewa, suna kuma karɓar dabbobin da ake kawowa kudu. Jikokinsu na nan har yau, da masallatansu da makarantunsu da Sarkin Hausawansu, haka kuma 'yan'uwansu na Idi-Araba da Obalende da kasuwar Mile 12.

To, amma a zamanin nan akwai wata haja da ba ta da nauyin huhun goro, ga ta kuwa tana tayar wa jama'a hankali fiye da shi, watau takarda. Saurayin da ke neman aikin soja ko na 'yan sanda ko na kwastan sai ya aika da takardar haihuwarsa da ta shaidar ƙaramar hukumarsa ta intanet. Ɗalibar da jami'a ta ɗauka sai ta ɗora sakamakon WAEC ko NECO a shafin makarantar. Ɗan kasuwar da ke son yi wa kamfaninsa rajista sai ya aika da hoton katinsa da na sa hannunsa. Mai neman fasfo domin aikin Hajji ko Umra shi ma haka. A da, mai rubuta wasiƙa ne ke zama a bakin gidan waya da alƙalaminsa, daga baya mai tafireta ya gaje shi. Yanzu wanda ya gaji su duka biyun shi ne yaron shagon kwamfuta, mai injin fotokwafi da firinta da wata na'ura mai murfi da gilashi da ake kira sikana, wadda ke ɗaukar hoton takarda ta shigar da shi cikin kwamfuta.

Wani zai ce ai kowa yana da waya mai kyamara. Gaskiya ne, kuma sau da yawa hoton waya yakan wadatar. Amma takardar da aka ɗauka da waya a ƙarƙashin rumfa takan fito a karkace, da inuwar hannu a gefe, hatimin ƙaramar hukuma ya dushe, wanda zai duba ta a ofis kuwa ba shi da lokacin tausayi. Saboda haka ranar da sikanar shago ta ƙi aiki, ga layi a ƙofa, ga wa'adin rufe shafin neman aiki ya rage kwana ɗaya, ba mai shago kaɗai ke asara ba.

Dalilin Da Ya Sa Ake Maganar Linux

Kusan dukkan waɗannan shaguna da Windows suke aiki, kuma kwamfutocinsu na hannu ne, watau tokumbo, waɗanda aka sayo a kasuwar Computer Village ta Ikeja ko a Alaba. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 a watan Janairun 2020, sa'an nan ya daina ba Windows 10 gyaran tsaro na kyauta daga ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai fa ga wanda ya shiga wani shiri na ƙarin wa'adi. Windows 11 kuwa, wanda ya fito a 2021, ba ya yarda da tsofaffin kwamfutoci, domin yana bukatar wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da kuma ƙwaƙwalwar na'ura ta 'yan shekarun nan. Ita ma sikana haka take: kamfanin da ya ƙera ta yakan daina rubuta mata direba bayan wasu shekaru, alhali fitilarta da motarta lafiya lau suke.

Direba a nan ba mai tuƙa tirela ba ne. Wata 'yar manhaja ce da ke tsakanin kwamfuta da na'ura, tana yi musu tafinta. In babu ita, kwamfuta da sikana sun zama kamar Bahaushen da ya sauka a tashar Agege yau da safe da Bayarabiyar da ba ta jin Hausa: suna ganin juna, amma ciniki ba zai faɗa ba.

Wanda ya ga ba zai iya zubar da kayan aikinsa ya sayi sababbi ba, akwai masa hanya ta Linux. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ne ya fara shi a 1991, kuma kyauta ake ba da shi, kowa na iya karanta yadda aka rubuta shi ya kuma gyara. Yana da iri-iri. Akwai Debian na 1993, akwai Ubuntu wanda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa a 2004, akwai kuma Linux Mint na 2006 wanda fuskarsa ta fi kama da abin da mai Windows ya saba. Bayanin da ke tafe ya fi dacewa da waɗannan ukun, domin 'yan gida ɗaya ne.

A Linux, sha'anin sikana yana hannun wani tsari mai suna SANE, wanda David Mosberger-Tang da Andreas Beck suka fara a 1996. Hikimarsa ita ce ya raba aikin gida biyu. A gefe ɗaya akwai direbobi, kowanne da dangin na'urorin da ya sani: genesys da pixma da plustek suna kula da yawancin na Canon, epson2 da epsonds na Epson, hpaio na HP. A ɗaya gefen akwai manhajar da mutum ke gani yana dannawa, kamar Simple Scan ko XSane. Tun da an raba su haka, ba dole ba ne direba da manhajar su kasance a kwamfuta ɗaya, kuma daga nan ne aka sami damar da za a yi bayaninta a gaba, ta sikana ɗaya ta yi wa kwamfutoci da yawa aiki.

Kada a ɗauka cewa kowace sikana SANE ya sani. Masu aikin sa kai ne suka rubuta yawancin direbobin, sau da yawa ba tare da taimakon kamfanin ba. Suna da jerin sunayen na'urori a shafinsu, an rubuta wa kowace matsayinta, ko tana aiki sosai, ko rabi-rabi, ko ba ta yi sam.

A Fara Da Abin Da Ido Ke Gani

Kuskuren da masu gyara suka fi yi shi ne su faɗa cikin manhaja tun ba su duba na'urar kanta ba. Sikana da yawa suna da wata 'yar sakata a ƙarƙashinsu ko a bayansu, wadda ake kullewa lokacin ɗaukar kaya domin kada kan fitila ya yi ta yawo a hanya. Na'urar da ta taho cikin kwantena, ta sha jijjiga daga tashar jirgin ruwa zuwa Ikeja, ba abin mamaki ba ne a same ta a kulle. In aka kunna ta haka, sai a ji tana ƙara kar-kar-kar, fitila ba ta motsawa, kwamfuta kuma ta ce an sami kuskure. Buɗe sakatar bai kai daƙiƙa biyar ba, amma mutum na iya kwana yana sauya direba bai gano ba.

Na biyu shi ne waya. Siraran sikanar Canon da ake kira LiDE, waɗanda suka yawaita a kasuwa saboda araharsu, ba su da wayar wuta ta kansu. Daga kafar USB ta kwamfuta suke shan wuta, ita kuwa kafar USB 2.0 abin da aka ƙayyade mata shi ne miliamfiya 500 a kan bolt 5, watau wat biyu da rabi, kusan daidai da abin da na'urar ke ci in tana aiki. Saboda haka in aka sa doguwar waya mai araha, ko aka haɗa ta da wani mahaɗi mai kafa huɗu wanda ba shi da wutarsa, ko aka soka ta a kafar gaban kwamfuta wadda ta riga ta yi lako-lako, sai na'urar ta kama, ta yi tafiya rabin takarda, ta tsaya. Maganin shi ne gajeriyar waya mai kauri, a soka ta kai tsaye a bayan kwamfuta. Wasu tsofaffin sikana kuma ba sa shiri da kafar USB 3, wadda cikinta yakan zama shuɗi, sai a gwada baƙar kafa. Kwamfutar tafi-da-gidanka kuma takan rage wa kafofinta wuta domin tattalin batir, a nan ma sai a kashe wannan tattalin ga sikana.

Na uku shi ne gilashi. Kafin ta ɗauki hoto, sikana takan auna haskenta a kan wani farin zare da ke ƙarƙashin gilashin, daga ciki. In ƙurar hunturu ko laimar damina ta Ikko ta ɓata wannan wuri, kowace takarda sai ta fito da layuka daga sama har ƙasa. A injin da ke jan takarda da kansa, ɗigon gam ko na farin ruwan goge rubutu guda ɗaya a kan siririn gilashinsa ya isa ya ja baƙin layi a kowane shafi. Babu direban da zai gyara wannan, sai tsumma mai laushi. Tsofaffin masu kauri, masu fitilar kwalba, sukan bukaci ɗan lokaci fitilar ta yi zafi, in kuwa hoto ya fara fitowa ja-ja, to fitilar ce ta tsufa.

Tambayoyi Uku Da Ake Yi Wa Kwamfuta

In na'urar lafiya take, sai a buɗe baƙin allon da ake rubuta umarni, a yi wa kwamfuta tambayoyi uku bi da bi. Jerin yana da muhimmanci, domin kowace amsa ita ke nuna inda za a nufa.

Tambaya ta farko ita ce lsusb. Wannan zai jero duk abin da ke soke a kafofin USB, kowanne da lambobi biyu, ta kamfani da ta samfuri. Lambar Canon ita ce 04a9, ta Epson 04b8, ta HP 03f0, ta Brother 04f9. Misali, LiDE 110 takan bayyana da 04a9:1909. In sikana ba ta fito a wannan jeri ba, to ba maganar direba ba ce tukuna, a koma kan waya da wuta da kafa.

Ta biyu ita ce sane-find-scanner. Shi wannan yana duba ko akwai abin da ya yi kama da sikana, amma ganinsa ba ya nufin akwai direban da ya san ta. Mutane da yawa sukan yi murna a nan, ba su san ba a kai ko'ina ba.

Ta uku, wadda ita ce alƙali, ita ce scanimage -L. In wannan ya ambaci sunan na'urar, aiki ya kusa ƙarewa. In ya ce bai ga komai ba, sai a sake rubuta shi da sudo a gabansa, watau da ikon mai gida. In da sudo ya gan ta, ba tare da shi ba kuwa bai gani ba, to an kama ɓarawo: matsalar izini ce.

A nan ne gizo ke saƙa ga mazauna unguwannin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa. Linux yana ɗaukar kowace na'ura kamar fayil, yana ba ta lamba, yana kuma ƙayyade wanda ke da izinin taɓa ta. Mai gyara mai gaggawa yakan nemo wannan fayil ya buɗe shi ga kowa da umarnin chmod, sikana ta yi aiki, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Da an ɗauke wuta an tayar da janareto, kwamfuta ta sake tashi, sai a sake ƙirƙiro fayil ɗin daga farko, sau da yawa da wata lamba dabam, izinin da aka bayar kuwa ya bi iska. Mai shago sai ya ɗauka an cuce shi, ko kuma na'urar ce mai aljanu. Gyaran da ke ɗorewa shi ne a sa mai aiki cikin rukunin da ake kira scanner, in kuma injin haɗe yake da firinta a ƙara da rukunin lp, sa'an nan ya fita ya sake shiga. In har yanzu ba ta yi ba, sai a rubuta wa udev doka. Shi udev shi ne mai gadin da ke tarbar kowace na'ura da aka soka, kuma a cikin jakar /etc/udev/rules.d ake rubuta masa cewa duk lokacin da ya ga mai lamba kaza da kaza, ya ba rukunin scanner izini a kanta. Dokar tana bin lambar kamfani da ta samfuri, waɗanda ba sa sauyawa ko sau goma aka ɗauke wuta a yini.

In ko da sudo ba a gan ta ba, sai a duba fayil ɗin /etc/sane.d/dll.conf, inda aka jera sunayen direbobi. Wanda aka sa wa alamar # a gabansa a kashe yake. Wasu na'urori kuma ba sa tashi sai an ɗora musu wani ɗan fayil na kamfani duk lokacin da aka kunna su, kuma doka ba ta ba masu SANE damar rarraba shi ba, sai mutum ya ciro shi daga faifan Windows da ya zo da na'urar. Masu direban gt68xx da wasu na snapscan haka suke. Injinan HP da yawa masu haɗe da firinta, irin su LaserJet M1132 da ake gani a ko'ina, suna bukatar wani ƙari da ake saukewa da umarnin hp-plugin, kuma dole lambarsa ta yi daidai da ta manhajar HPLIP da ke cikin kwamfutar. Shi ya sa wani lokaci sikana takan mutu washegarin da aka sabunta kwamfuta, ba abin da ya lalace, ƙarin ne ya zama tsoho. Brother kuwa nasa direban yake bayarwa, brscan, daga shafinsa.

Ma'aikatan Da Ba A Gani

A cikin Linux akwai manhajoji da ke aiki a bayan fage, ba su da taga ba su da hoto, suna zaune suna jiran a kira su. Uku daga cikinsu sun shafi sikana, kuma kamar ma'aikatan kowane gida, in ba a raba musu aiki ba sai su yi ta karo da juna.

Babbansu shi ne saned. Aikinsa shi ne ya ba sauran kwamfutocin shago damar amfani da sikanar da ke soke a kwamfuta ɗaya. Ga shagon da ke da kwamfuta huɗu da sikana ɗaya, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, domin an huta da yawo da filashi daga tebur zuwa tebur, tare da ƙwayoyin cutar da yake kwasowa. Yana cikin ƙunshin sane-utils. A kwamfutar da ke da sikana, ana buɗe /etc/sane.d/saned.conf a rubuta adireshin waɗanda aka yarda su shigo, misali 192.168.1.0/24 domin dukkan na cikin shagon, sa'an nan a tayar da shi da sudo systemctl enable --now saned.socket. Daga nan zai riƙa sauraro a ƙofa mai lamba 6566. A sauran kwamfutocin kuma ana rubuta adireshin waccan a cikin /etc/sane.d/net.conf, a tabbata kalmar net ba a kashe take ba a dll.conf.

A takarda abin ya yi sauƙi. A aikace akwai ramuka uku da ake faɗawa. Na farko, saned ba da sunan mai shago yake aiki ba, yana da nasa sunan, saned. Linux na zamani yakan ba wanda ke zaune a gaban kwamfuta izinin na'urorin da aka soka, shi kuwa saned ba ya zaune a gaban komai. Saboda haka sikana na iya yin aiki sarai a kwamfutarta, amma sauran su ce ba su gan ta ba. Hanyar ganewa ita ce sudo -u saned scanimage -L, watau a yi tambayar da bakinsa. In bai gani ba, shi ma a sa shi cikin rukunin scanner da lp.

Na biyu, ƙofa 6566 ta gaisuwa ce kawai. Hoton kansa ta wata ƙofa dabam yake bi, wadda saned ke zaɓa a lokacin. In akwai katangar tsaro a kwamfutar kuma 6566 kaɗai aka buɗe, sai sauran su ga sunan sikana, a danna, fitila ma ta motsa, amma hoto ba zai iso ba. A cikin saned.conf akwai layin data_portrange inda ake ƙayyade ƙofofin, misali 10000 zuwa 10100, sa'an nan a buɗe su a katangar.

Na uku ya sake komawa ga wuta. Na'urar da ke raba intanet a shago ita ke ba kowace kwamfuta adireshi, kuma bayan an ɗauke wuta tana iya ba wadda ta fara tashi adireshin wata. Jiya mai sikana tana 192.168.1.5, yau ta koma .7, sauran kuwa suna can suna ƙwanƙwasa ƙofar da babu kowa. Sai a kafe mata adireshi guda wanda ba ya sauyawa.

Wani gargaɗi da bai kamata a yi wasa da shi ba: saned ba ya ɓoye abin da yake aikawa, kuma littafin bayaninsa da kansa ya ce kada a bar shi a buɗe ga duniya. Shagon da ke ba kwastomomi kalmar sirrin Wi-Fi, in a kan layi ɗaya suke da kwamfutocin aiki, to adireshin kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya ya kamata a rubuta a saned.conf, ba na layin gaba ɗaya ba. Alamar + kuwa, wadda ke nufin kowa ya shigo, ba ta da wuri a shagon da ake ɗaukar fasfo ɗin mutane. A 2020 an gano wasu kafofi a direbobin Epson na SANE da mugu zai iya bi ta layin sadarwa, aka toshe su a fitowa ta 1.0.30, wanda ke nuna cewa ko a Linux sabuntawa wajibi ce.

Ma'aikaci na biyu shi ne scanbd, wanda ke sa ido a kan maɓallan jikin sikana, domin in an danna ta ɗauki hoto ta ajiye ba tare da an taɓa kwamfuta ba. Domin ya yi haka dole ya riƙe na'urar kullum, sauran manhajoji kuma sai su bi ta hannunsa. In aka girka shi ba a kammala saitinsa ba, duk wanda ya nemi sikana sai a ce masa tana cikin aiki, alhali tana zaune shiru. Ga yawancin shaguna wahalarsa ta fi amfaninsa, gara a cire shi.

Na uku, ipp-usb, sabon shiga ne. Injinan shekarun nan da yawa suna jin wani yare na bai ɗaya da ake kira eSCL, wanda kamfanin Apple ke kira AirScan, saboda haka ba sa bukatar direba na musamman. Direban sane-airscan na Alexander Pevzner shi ke magana da su, ipp-usb kuma shi ke sa injin da ke soke da waya ya bayyana kamar yana kan layin sadarwa, a ƙofa 60000 ta kwamfutar. Debian ya fara sa shi da kansa tun fitowa ta 11 a 2021. Wannan ci gaba ne na gaske, amma da zarar ipp-usb ya kama inji, direban kamfani ba ya samun shiga. Mai shagon da ya girka direban HP ko na Brother ya ga ba ya aiki, sau da yawa wannan ne dalili. Zaɓi ɗaya za a yi: ko a bar ipp-usb a yi amfani da sunan da ya fara da airscan ko escl, ko a kashe shi a koma ga na kamfani.

In duk an bi waɗannan abin bai yi ba, SANE na iya faɗin abin da ke damunsa. A rubuta SANE_DEBUG_DLL=255 kafin scanimage -L, zai zayyano kowane direba da ya gwada da inda ya tsaya. Akwai kuma VueScan ta kamfanin Hamrick, wadda ta san tsofaffin na'urori da yawa kuma tana aiki a Linux, sai dai ita ta kuɗi ce.

Nauyin Hoto Da Amanar Jama'a

Bayan sikana ta tashi, saura sanin yadda za a auna hoton. Takardar A4 in aka ɗauke ta da ɗigo 300 a kowane inci, tana fitowa da ɗigo 2,480 a faɗi da 3,508 a tsawo, kusan miliyan 8.7 ke nan, in kuwa mai launi ce nauyinta kafin a matse ya kai megabait 26. Shafukan neman aiki da na makarantu kuwa sukan ƙayyade nauyin da za su karɓa, sau da yawa ƙasa da megabait ɗaya. In aka rage zuwa ɗigo 150, yawan ɗigon ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, in aka ajiye shi a JPEG ko PDF sai ya ƙara raguwa sosai, rubutu kuma yana karantuwa. Abin da bai dace ba shi ne a mayar da takarda mai jan hatimi ko koren tambari zuwa baƙi da fari zalla, domin hatimin kan zama dunƙulen tawada, takardar gaske ta yi kama da jabu. Siraran sikana kuma ba sa ganin abin da ya ɗaga daga gilashi ko da kaɗan ne, saboda haka takardar da ta daɗe a ninke cikin aljihun babbar riga sai an danne murfin da hannu.

Sa'an nan akwai abin da ake bari a baya. A kwamfutar shago da yawa za a tarar da jaka cike da fasfo da takardun NIN da na haihuwa na mutanen da suka zo tun bara. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora nauyi a kan duk mai sarrafa bayanan wani da kada ya riƙe su fiye da bukata. Ko babu doka, amana ce. Linux na iya share jakar da kansa kowane dare in aka umarce shi, kuma kwastoma yana da ikon ya tsaya ya ga an goge nasa kafin ya tafi. Ranar da za a sayar da kwamfutar ko a kai ta gyara, nan ma sai an share faifanta tukuna.

Ga wanda bai riga ya sayi sikana ba, yana da damar kauce wa rabin wannan wahala. Daga Agege zuwa Ikeja ba nisa, ga mota ga kuma jirgin Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a 2024. Kafin ya fita, ya duba jerin SANE ya rubuta samfura uku ko huɗu da aka ce suna aiki sosai, da cikakkiyar lambarsu, domin harafi ɗaya a ƙarshen suna kan bambanta wadda ke yi da wadda ba ta yi. Ya tafi da kwamfutarsa ta hannu, ko da filashi mai ɗauke da Linux wanda ake iya tayar da kowace kwamfuta da shi ba tare da an girka komai ba. A gaban mai sayarwa ya buɗe sakata, ya soka waya, ya rubuta scanimage -L, sa'an nan ya ɗauki farar takarda wadda babu rubutu a kanta, domin ita ce ke tona layuka da dushewar fitila, ya kuma ɗauki mai launi sau uku a jere ya ga ko za ta tsaya a hanya. Sai bayan haka a fara maganar farashi.